Mewat da gidan Khanzada

Duk wanda ya san 'yan Tablig a garuruwanmu ya kamata ya san Mewat, domin a can Malam Muhammad Ilyas ya fara wannan aiki a 1926. Karkara ce a kudancin Delhi, ƙasar duwatsun Aravalli mai ƙarancin ruwa, yawancinta a jihohin Haryana da Rajasthan na Indiya.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne gidan Khanzada. Asalinsu Rajput ne, masu takobi da gonaki. Kakansu Nahar Khan ya musulunta a zamanin Sarkin Delhi Firuz Shah Tughlaq, zuriyarsa kuma ta mulki Mewat wajen shekara 150, daga ganuwar Kotla har Alwar. Manoman yankin kuwa Meo ne, su ma Musulmi.

A yaƙin Khanwa na 1527, Hasan Khan Mewati, sarkin Mewat daga gidan Khanzada, ya haɗa kai da Rana Sanga, wani sarkin Rajput wanda ba Musulmi ba ne, suka tari Babur, wanda ya kafa daular Mughal a Indiya. A fagen daga Hasan Khan ya rasu. A ganina ƙasar kakanninsa yake karewa daga baƙo, kuma ina ganin girmansa a kan haka. Sarauta ta kuɓuce musu, amma gonaki suka rage a hannun zuriyar.

Sai 1947, shekarar raba Indiya. An yi wa Musulmi kisan gilla a Alwar da Bharatpur, da yawa suka yi hijira Pakistan, suka bar gonakinsu. A Disamba Gandhi ya je ƙauyen Ghasera, ya roƙi Meo kada su tafi. Abin da ke ci mini rai shi ne, a 2018 NITI Aayog, hukumar tsare-tsare ta gwamnatin Indiya, ta sa gundumar Mewat a matsayin wadda ta fi koma-baya a jerin gundumomin Indiya masu koma-baya.