Wasiƙa daga Liyon: auren da bai je mairi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Tawa da na Yamai, ina gajiya, ina zahi, ina yara. Mu nan lahiya lau sai sanyi, wanda tun bara na yi alkawarin ba ku labarinsa, shi da tsadar haya da yadda muke neman gero a garin nan kamar masu neman magani. To duk su dakata tukuna, don akwai tambaya guda da ta ishe ni a WhatsApp, watan nan kaɗai mutum huɗu sunka aiko mini vokal a kanta, har da inna ƙanwar mahaifiyata da ke Bukoki wadda ban taɓa sanin Turai ta dame ta ba. Wai gaskiya ne can in miji da mata sunka rabu sai a raba dukiyar mijin biyu a ba matar rabi? Maza na tambaya gabansu na faɗuwa, mata kuwa ina jin murmushinsu ta cikin waya.

Inna, gaskiya ne kuma ba gaskiya ba ne. A Faransa in anka ɗaura aure gaban magajin gari, wato a mairi, ofishinsa, ba a yi wata yarjejeniya ta daban wajen noter, wato mai rubuta yarjejeniya da hatimin doka, ba, to abin da anka samu cikin zaman auren na mutum biyu ne, ran rabuwa a raba daidai, amma abin da kowa ya zo da shi ko ya gada nasa ne. Kuma in rabuwar ta bar ɗaya cikin talauci alƙali na iya sa ɗayan ya biya shi wani abu. Sai dai duk wannan na masu takardar mairi ne. Wanda bai da ita, ko shekara talatin sunka yi ɗaki guda, ko 'ya'ya goma sunka haifa, doka ba ta kiransu miji da mata. Konkubinaj take ce wa zamansu, mu a Hausa sunan da ya fi kusa shi ne zaman dadiro, kuma wallahi da nauyi a baki, don mutanen da nake magana a kansu ba 'yan dadiro ba ne. Namu ne, an kai sadaki, waliyyai sun yarda ta waya, liman ya shafa fatiha a falon wani, an raba goro da dabino, an ci shinkafa. Wajen Allah aure ne cikakke. Wajen dokar Faransa kuwa mutum biyu ne da ke kwana gida guda.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata 'yar'uwa ce tamu ta Adar, ba zan faɗi suna ba, shekara goma sha huɗu da maigidanta, yara uku. Tana aikin shara a birori tun biyar na asuba, albashinta shi ke sayen cefane da takalman yara da kuɗin abincin yara na lakkol, nasa kuwa shi ke biyan haya da bashin mota, sauran a tura Yamai ana gini. Kun ga tsari ne mai kyau a ido, kowa da nasa ɓangare. Ranar da zama ya ƙare na raka ta wajen wata mai ba da shawara kan shari'a, ta ɗauko jakar leda cike da takardu, ta zaro littafin iyali da anka ba su a mairi lokacin haihuwar ɗan fari ta aza bisa tebur da ƙarfin gwiwa, don ita a saninta wannan shi ne shaidar aure. Matar ta buɗe, ta juyo mata shi, ta aza yatsa kan shafin da ake rubuta aure. Fari fat, ko ɗigon biro babu. Ashe littafin nan ana ba iyaye shi ko ba su yi aure ba, da zarar an haifi ɗa. Sai matar ta shiga tambaya, takardar haya sunan wa? Nasa. Takardar mota? Nasa. Fili da ginin Yamai? Nasa. To ke mi kika riƙe? Ta sake zuba hannu cikin leda, abin da ya fito resi ne na firijo da na injin wanki, sai tikitin kanti da rubutunsu ya goge. Shekara goma sha huɗu na tumatir da mai da madara ba su bar shaida ko guda ba, an cinye su.

Abin da matar ta bayyana mana a nan ne na ji jikina ya yi sanyi fiye da na waje. Tsakanin masu irin wanga zama kowa abin da ke da sunansa shi ne nasa. Babu kuɗin rabuwa, babu ciyarwa bayan an watse. Kuɗin da ka kashe don hidimar gida ta yau da kullum ba a maido maka, ana ɗauka ka yi ne da son ranka. Akwai wata ƙofa ƙarama, ka kai ƙara ka ce wancan ya azurta da guminka ba bisa dalili ba, amma sai ka kawo shaida cewa abin da ka zuba ya wuce hidimar gida nesa, ga kuɗin avoka, wato lauya, ga jira, kuma ba tabbas. Abu guda da ya tsaya mata shi ne haƙƙin yara, wannan kam ba ruwansa da aure, alƙalin harkokin iyali na yanka wa uba abin da zai riƙa biya duk wata, muddin ya je mairi ya amsa cewa 'ya'yansa ne, don wanda bai yi aure ba sai ya yi wannan da ƙafarsa. Alhamdu lillahi nan ya yi.

Mutuwa ma ta fi muni, Allah ya sa mu cika da imani. Mu a addini matar da mijinta ya rasu tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, ba mai hana ta. Nan wadda ba ta da takardar mairi ba ta cikin magada sam. In ya yi wasiyya ya bar mata wani abu, gwamnati na ɗaukar kashi 60 cikin 100 haraji, kamar ya bar wa baƙon da ya tsinta a tasha, alhali matar aure ba ta biyan ko dala. Rabon fanshon mamaci da ake ba gwauruwa, shi ma na masu auren mairi ne kawai. Gidan haya ne kaɗai doka ta ɗan sassauta, in mai sunan ya rasu ko ya gudu ya bar gidan, wanda ya zauna tare da shi shekara guda a kalla a sanin kowa yana iya neman a maida takardar da sunansa.

Abin da ke ba ni haushi, kuma ku yi mini haƙuri in daɗe a nan, shi ne ba ko'ina ake ƙin ganinsu ba. Ma'aikatar da ke biyan tallafin haya da na iyali, ita tana ganinsu sarai a matsayin gida guda, ta haɗa albashin biyu ta rage abin da za ta ba su, in ka ɓoye ka ce kai kaɗai kake kuma anka gano sai ka maido kuɗi. Wato ranar ragewa ku ma'aurata ne, ranar rabo kuwa ba a san ku ba. Ga takardu, kai, ƙasar nan ko tari za ka yi sai an ce ina shaidar mazauni ta ƙasa da wata uku. Mai son auren mairi sai ya kawo takardar haihuwa sabuwa daga gida, da ta shaidar ba shi da wani aure, da ta al'adar ƙasarsa, a kafe sanarwa kwana goma a bangon mairi, wani lokaci a kira ku a yi muku tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta Tawa ta iso wata ta tsufa, a sake daga farko. Shi ya sa da yawa ke cewa bari mu shafa fatiha yanzu, mairi daga baya, kuma daga bayan nan ita ce ke zama shekara goma sha huɗu. Wasu mazan kuma, mu faɗi gaskiya, da gangan suke ja, sun san lissafin da suke yi.

Alhali dokar Faransa cewa ta yi mairi ne farko. Malamin addinin da ya maida ɗaura aure ba tare da ganin takardar mairi ba al'adarsa, hukuncinsa na iya kai ɗauri da tarar Euro 7,500, kusan miliyan biyar na sefa ke nan, don haka manyan masallatai ke tambayar takarda kafin komi. Akwai kuma wani abu tsaka-tsaki da sunka ƙirƙiro a 1999, PACS, yarjejeniya ce da ake sa wa hannu a mairi ko wajen noter. Tana cire harajin nan na kashi 60 tun 2007, amma ba ta sa ka zama magaji sai da wasiyya, ba fanshon mamaci, kuma mutum guda na iya warware ta shi kaɗai. Masu 'yan'uwa a Ingila ma kada su ce su sun tsira, a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce nikahi kaɗai ba aure ba ne a dokarsu.

Gida ko ba takarda mace na da abin jingina, kayan ɗakinta nata ne kowa ya ga ranar jere, sadakinta nata, ga idda, ga kawu da baba da za su kai magana gaban malamai ko fadar sarki. Nan ba kawu, sai fayil. Don haka ni dai, baba, in wani ya zo daga Turai neman ɗiyarka da akwati da waya sabuwa, a ɗaura a gida a kuma kai shi mairi a rubuta kafin ta hau jirgi, takardar ta riƙe kofi a hannunta. In ana gini a Yamai da kuɗin mutum biyu, ba rashin kunya ba ne suna biyu su hau takardar fili. 'Yar'uwar tamu yanzu tana ɗaki biyu da yaran, firijon ya bi ta.

Batun sanyi kuwa, jiya na shanya zane a baranda na ɗauko shi ya ƙage kamar kilishi. Inna, wanda zai taho watan gobe a ba shi kuka da daddawa da yaji, kada a sa cikin kwalba.