Godiya ga Mutanen Layinmu, da Buhun da Ya Tona Mini Asiri

Assalamu alaikum. Yau kwana 40 ke nan da faɗuwar katangar gidanmu a Tudun Wadan Zariya, jiya da la'asar kuma birkila ya ɗora bulon ƙarshe. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba. Na so in bi kowa har gida in yi godiya, sai na ga mutanen sun fi ƙarfin ƙafata, wasu ma ban san inda suke kwana ba. Shi ya sa na rubuto nan. Wanda ya gani ya karanta wa wanda ba ya da waya.

Daren Laraba ne a tsakiyar Agusta. Tun bayan Magariba aka tsuge da ruwa, irin markar nan da ba ta iska ba ta tsawa, sai dai zuba. Ban damu ba, don kwanon gidan sabo ne. Ashe ta ƙasa abin zai zo mana. Lambatun bakin layi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya rasa hanya, ya dawo ya kwanta a gindin katangarmu ta jar ƙasa, wadda mahaifina ya gina tun ban yi wayo ba. Wajen ƙarfe 2 na dare ta tafi gaba ɗaya, ta haɗa da madafi da rabin ɗakin Inna. Tun ranar 11 ga Agustan 2023, da wani ɓangare na babban masallacin Juma'a na cikin birni ya rufta wa masallata ana sallar La'asar, babu Bazazzagen da zai ji rugugin gini cikin damina gabansa bai faɗi ba. Ni dai ƙafafuna sai da suka ƙi ɗaukata.

Abin da ya sa Inna ba ta cikin ɗakin shi ne mai shayin bakin layi. Yana tattara kayansa zai tashi ya ga ruwa ya hau kan dakali, kuma maimakon ya ja teburinsa ya yi gaba, sai ya bi gida-gida yana dukan ƙofa da murfin tukunya. Har tsaki na yi masa daga kan gado, Allah ya yafe mini. Minti 20 bayan mun fito da Inna ɗakin ya faɗi. Ɗan'uwa, ban san da bakin da zan gode maka ba. Allah ya tsare maka naka iyayen kamar yadda ka zama sanadin tsare tawa.

Ina godiya ga mai Keke Napep ɗin da ya kutsa cikin ruwa har gwiwa ya kwashe Inna da yara, ya ƙi karɓar ko sisi, alhali washegari sai da ya kai keken wajen bakanike. Ina godiya ga maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya da ta ɗaure wa ɗana ƙafar da langa-langa ya yanka, da hasken waya, tana faɗa masa ya daina raki shi namiji ne. Alhaji na gidan kusurwa ya buɗe mana ɗakuna biyu kwana 12, matansa suna aiko da tuwo kamar mu ne masu gidan. Malam liman ya yi sanarwa bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga an tara abin da ya sayi buhun siminti 9, akwai mai naira 200 a ciki, akwai mai dubu 20. Almajiran makarantar allo ta bayan layi su suka kwashe ɓaraguzan da kwanon bararsu da tsofaffin bokitai. Allah ya ba su ilimi mai amfani, ya mai da su gaban iyayensu lafiya.

Yanzu ga inda maganar ta yi mini nauyi.

Da gari ya waye ni ne na fi kowa ɗaga murya. Na zagi gwamnati, na zagi 'yan kwangila, na ce an bar talaka ruwa ya cinye shi. Ina cikin wannan ne matasa suka ɗauko shebur da diga da manjagara suka nufi kwalbatin da ke ƙarshen layi, inda ruwan unguwar yake bi ya gangara rafin Kubanni. Na bi su, ina ta faɗa. Awa 3 ana tono. Ledar fiya-wata ta fito ba adadi, da robobin lemo, da kunzugun jarirai, da rabin katifa, da mushen kaza. Can ƙuryar bututun aka ci karo da abin da ya toshe shi ƙam, sai da mutum huɗu suka sa igiya suka ja. Buhu ne. Aka ja wani, shi ma buhu. Har guda 5. Da shebur ya farke na farko sai ga ƙyallaye sun zubo, na shadda da atamfa da leshi da yadi, sun sha ruwa sun kumbura sun zama kamar dutse.

To jama'a, tela ɗaya ne a layinmu, kuma ni ne.

Wuri ya yi tsit. Sai wani yaro marar kunya ya ɗaga wani ƙyalle ruwan toka ya ce, "Kawu, wannan ba yadin rigar Sallar babanmu ba ne?" Aka fashe da dariya. Na yi dariyar nima, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara da shekaru, da na ga hadari ya haɗo sai in ce wa yaron shago ya ja buhun ƙyalle ya jefa a lambatu, ruwa ya tafi da shi. Ban taɓa tambayar kaina ina yake tafiya ba. Kowa a layin haka yake yi da shararsa, da ruwa ya sauko za ka ga yara suna fitowa da kwandon shara a ka, amma tawa ce ta fi nauyi, kuma katangata ce ta biya. Laifi tudu ne aka ce, na taka nawa ina hango na wasu. Babu wanda ya goranta mini a cikin waɗanda suka tono buhunan nan, su ne ma suka dawo suka kwaɓa mini siminti. Wannan kawaicin ya fi mini kuɗin da aka tara.

Akwai mutum ɗaya da take bi na bashin neman gafara kafin godiya, wato Gwaggo mai ƙosai. Ta haura shekara 70. Tun da na san ta, kullum kafin ta ɗora kasko sai ta ɗauki guntuwar fartanyarta ta kwashe lambatun ƙofar gidanta, taku goma ba ƙari, ta zuba a buhu. Mu kuwa muna zaune a benci muna tsokanarta, mun sa mata suna Duba-gari. Wani lokaci in ce mata, "Gwaggo, kin kwashe naki, na sama zai sake gangaro miki, wahalar me kike yi?" Sai ta ce, "Ɗana, ni iya ƙofata aka ba ni." Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Ranar gayyar ma ba ta ce uffan ba, ƙosai ta aiko mana da shi a roba, da yaji.

Sunan da muka laƙaba mata yana da tushe. Mahaifina ya sha ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda yake shiga har tsakar gida ya leƙa randa da kwata da masai, in ya ga ƙazanta a ci mai gida tara. Ni kuma na riski zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984, da sharar ranar Asabar da ta biyo baya, lokacin da ganin soja kaɗai yake sa magidanci ya fito da tsintsiya, don gudun tsallen kwaɗo a gaban iyalinsa. Gari ya yi fes, ba ƙarya. Amma da bulala ta tafi, tsintsiya ta bi ta. Gwaggo ta ga zamanin biyu duka, kuma ita ba don tara ko bulala take yi ba. Da Malam ya karanto mana hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, ni dai fuskarta na gani. Gwaggo, ki yafe wa ɗanki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Kada wani ya ɗauka na wanke hukuma. Kwalbatin nan an yi shi tun layin bai kai rabin haka ba, ya yi wa ruwan yanzu kaɗan, kuma babu wurin zuba shara na kirki kusa da mu. Mun rubuta takarda ta hannun mai unguwa, wanda shi ma ina gode masa da ya yi ta zirga-zirga a kai, kuma za mu ci gaba da bibiya. Sai dai yanzu in na je yin ƙorafi, zan je ba buhu a bayana.

Abin da muka tsayar ba wani babba ba ne. Kowane gida ya kwashe lambatun ƙofarsa. Ana ba da naira 300 duk mako ga wani yaro mai baro da ke kai shara juji. Mai shayi ya rataye buhu a jikin teburinsa don ledar ruwa, robobi da ƙarafa kuma 'yan gwangwan suna zuwa su saya. Ƙyallayena yanzu wani mai ɗinkin filo a Sabon Gari yake kwashewa, har da ɗan abin goro yake ba yaron shago, abin da na yi shekaru ina zubarwa a ruwa. Gida 23 ne a layin, 14 suna yi, sauran suna cewa sai sun gani. Ba na jin haushinsu, don wata biyu da suka wuce da ni za a yi wannan sahun, a gaba ma.

Ga mutanen da ke ƙasa da mu, daga bakin Kubanni har inda ya haɗu da kogin Galma, musamman masu lambu da ke ban ruwa da shi: buhuna 5 aka samu a kwalbati, waɗanda suka wuce kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma wajenku suka nufa. Ku yafe mini.

Sannan akwai shebur biyu da baro ɗaya mai jan fenti da aka bari a zaurena tun ranar gayya, har yau ba wanda ya zo nema. Mai su ya zo shago ya karɓa, ko ya same mu a bakin kwalbati ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe, akwai sauran yashi da ba mu gama kwashewa ba. Gwaggo ta ce ƙosai na nan, amma wannan karon kowa zai biya.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raba mu da sharrin ruwa da na wuta. Na gode.