Cocin Jarminyi: ginin shekarar 806 kusa da Kogin Luwar

Daga birnin Orleyan na Faransa na kama hanyar gabas, wajen kilomita 30, na isa ƙauyen Jarminyi (Germigny-des-Prés). Daga waje cocin ba ya ɗaukar ido. Sai ka shiga.

Tiyodulf, bishop na Orleyan kuma mashawarcin Sarki Sharlaman, shi ya gina shi a matsayin ɗakin ibadar gidansa, aka keɓe shi a shekarar 806. Ainihin ginin murabba'i ne, kowane gefe kusan mita 10. Ginshiƙai huɗu a tsakiya su ke ɗauke da hasumiya, haske na sauka ta tagoginta. Kowace fuska tana da lungu mai zagaye, bakunan kuma irin takalmin doki ne, kamar na masallacin Kurɗuba da ke Sifen. Ba mamaki, Tiyodulf mutumin Sifen ne. Lungun yamma an rushe shi daga baya aka ja dogon zaure, da ginin ya koma cocin mutanen gari.

Abin da ya kawo ni yana saman lungun gabas: zanen da aka jera da ƙananan gutsattsarin gilashi, kimanin 130,000, masu ruwan zinariya da shuɗi. Babu surar Yesu. Akwatin Alkawari ne a tsakiya, wanda malamanmu ke kira Tabuti, da ƙananan mala'iku biyu a kansa, manya biyu suna tsaye suna nuna shi, ga hannu ya sauko daga sama. Tiyodulf bai yarda a girmama hotuna a wurin ibada ba, shi ya sa ya zaɓi wannan. Ka matsa kusa ka ɗaga kai, za ka ga gutsattsarin ba su kwanta daidai ba, kowanne da yadda yake kama haske.

A da, zanen ya daɗe a shafe da farar ƙasa. Ana cewa yara aka gani suna wasa da gutsattsarin da suka zubo, sannan aka gano shi a ƙarni na 19.

Gyaran da masanin gine-gine Juste Lisch ya yi daga 1867 zuwa 1876 ne ya fi ba ni takaici. Maimakon ya tallafi tsohon bango, sai ya rushe mafi yawansa ya sake ginawa, adon filasta na asali da yawa ya salwanta. Duwatsun da suka yi sumul, layinsu a miƙe, nasa ne. Mai neman aikin magina na 806 ya tsaya a lungun gabas.