Fata ɗaya a bakinmu, sunaye da yawa a takardar ciniki

Shekara 14 ke nan ina harkar fata a Kano. Ɗanya nake saye daga hannun masu tarawa, mu barbaɗe ta da gishiri, mu ware mai kyau da mai tabon wuƙa, sannan mu kai kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Mu bakwai ne a shagon, har da ɗan ƙanena mai karanta mini saƙonnin Turanci.

Wata rana wani mai saye daga Legas ya turo saƙo a WhatsApp. Yaron ya duba ya ce, "Baffa, fata yake so, guda 200." Ban tambayi ta wace dabba ba, don kusan duk cinikina na akuya da tumaki ne. Muka zaɓo masu kyau na jar akuyar Sakkwato muka ɗora a mota. Kaya na sauka mutumin ya kira ransa a ɓace. Ashe "hides" ya rubuta, ƙirgi yake nufi, fatar shanu. Kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina ya ƙare, wasu fatun kuma suka fara zubar da gashi saboda zafin hanya. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Yaron bai yi ƙarya ba. A Hausa fata ta haɗa komai: ta jikin mutum, ta rago, ɗanya da jemammiya, har wadda baduku ya ɗinka takalmi da ita. Turanci kuwa ya yayyanka ta. "Skin" ita ce uwa, duk dabba tana da ita, saniya ma. Amma da zarar ta shiga takardar ciniki sai ta tsuke, ta zama ta ƙananan dabbobi kawai, akuya da tunkiya, "hide" ta ɗauki ta manya irin saniya da raƙumi. Wato kalma guda tana da faɗi a bakin malamin makaranta, tana da ƙunci a bakin ɗan kasuwa, kuma ɗan kasuwar ne ke biya. "Pelt" galibi wadda gashinta ke jikinta ce, kamar buzun salla. "Leather" sai an jeme, ko da bagaruwa irin ta majemanmu ko da sinadarin kamfani.

Mu ma muna da ƙananan sunayenmu, sakaci ne ya sa muke tattara su a fata. Ƙirgi daban, buzu daban, ganda kuma tukunya take shiga, shi ya sa ƙirgin jima ke wuyar samu a nan.

Yanzu duk saƙon da ya shigo, yaron yakan karanto mini kalmar yadda aka rubuta ta, sannan mu tambayi dabbar, mu tambayi ɗanya ce ko jemammiya, kafin a kira direba.