Ashe "zamna" ta girmi "zauna"

Jiya na kai yara gaida kakarsu, Basakkwata ce ta asali. Da muka shiga ta ce, "Ku zamna, ɗiyana." Ƙaramar ta kwashe da dariya, wai Kaka ba ta iya Hausa ba. Kunya ta kama ni, don ni ma haka na ɗauka ina yaro a Kano.

Alhali bakin Kaka ne ya riƙe tsohuwar siga. Da can "zamna" ake cewa, da "amre", da "abduga", da "sabka". Mu na gabas muka sassauta baƙin ya koma "u": zauna, aure, auduga, sauka. Shaidar tana bakinmu kullum ba mu lura ba. Muna cewa aure amma amarya, muna cewa talauci amma talaka. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan sauyi tun shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar.

Da na faɗa wa Kaka, ko a jikinta. Cewa ta yi, "To, ku Kanawa dai gaugawa ta ishe ku, har magana sai kun tamne rabi."