Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ko Sannu Bai Ce Min Ba

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu aiki a wani kantin kayan masarufi a tsakiyar birnin Sakkwato, ni ce mai karɓar kuɗi. Albashina naira 18,000 a wata. A lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, tun 2019, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuwa mu 9 ne. Na karɓa hannu bibbiyu, don da shi muke cefane ni da Inna.

A watan Agustan 2022, damina ta yi tsakiya, kwatocin unguwar Mabera sun cika sun batse, sauro ya yi mana ƙawanya. Wata Alhamis da dare sanyi ya kama ni, haƙorana na karo da juna, Inna ta lulluɓe ni da bargo biyu amma a banza. Da asuba ko alwala sai da ta riƙe ni.

Ƙarfe 7 na kira manaja. Hannuna ya kasa riƙe wayar a kunne, sai na buɗe murya na ajiye ta kan filo.

"Yallaɓai, ina kwana. Don Allah a yi min uzuri yau, zazzaɓi ya kwantar da ni."

"Zazzaɓi? Ranar Juma'a? Ku ciwonku sai ranar ciniki yake tashi. Sha farasitamol ki hau kabu-kabu ki taho. Ko dai biki gare ku?"

Inna na zaune a gefen katifa, ta ji komai. Ta jawo wayar a hankali ta ce, "Ɗana, ni ce mahaifiyarta. Ɗiyata ba ta ƙarya, ga ta nan jikinta kamar garwashi." Ya ce, "Mama, ni ma mai kanti nake yi wa aiki," ya kashe.

Har yau wannan ne ke ci min rai, ba kuɗin ba. A garin nan ko wanda ba kwa ga maciji da shi ka ji yana kwance, za ka aika masa da ya jiki. Mutumin da na yi wata 8 ina tsaye masa daga 8 na safe zuwa 9 na dare, ko naira ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, ya rasa sannu ɗaya, ya kuma ƙaryata ni a gaban uwata. Na ga Inna ta juya fuska bango tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

A asibiti aka tsaga min yatsa, gwaji ya nuna cizon sauro ne. Likita ya ba ni maganin kwana 3, safe da yamma, ya rubuta min takardar hutu.

Ranar Litinin na koma, ƙafafuna na rawa. Na miƙa wa manaja takardar, ya ajiye kofin shayinsa a kanta bai ko buɗe ba. Yaron da ke ɗauko mana kaya daga sito ya raɗa min cewa shi ya sa shi ba ya kira. Sati biyu yana tari a tsakanin buhunan shinkafa da katon-katon na madara, yana tsoron a maye gurbinsa.

Sai daga baya wani ɗan ƙanin Inna da ke karatun lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna min sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya: ma'aikaci na da haƙƙin a biya shi har kwana 12 na aiki a shekara in yana jinya, muddin likita ya shaida. A cikin mu 9 babu wanda ya taɓa jin wannan.

Ƙarshen wata manaja ya miƙo min ambulan. Na ƙirga, 14,000: an cire dubu ɗaiɗai na kwana 3, da dubu ɗaya wai tarar rashin ba da sanarwa. Sannan ya turo min littafin albashi da biro. A gaban sunana an rubuta 18,000.

Abin da na yi da biron nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.