Abin da idona ya gani tsakanin Kudus da Khalil

Tun kafin in biya kuɗin tafiyar ake ta musu a gidanmu. Yayana yace shi dai a saninsa zuwa Kudus a halin yanzu kamar amincewa da mamaya ne tunda dole sai ka nemi izinin Isra'ila kafin ka shiga, ya kawo fatawar Sheikh Ƙaradawi Allah ya jiƙansa da ya hana Musulmin waje zuwa. Ni kuma nace ai akwai malaman da suka ce a je, har tsohon muftin Masar Ali Jumu'a ya je a 2012, kuma Falasɗinawa da yawa da kansu suke cewa a zo a cika masallacin a sayi kayan shagunansu. Ba mu daidaita ba har na tafi, amma ya raka ni filin jirgi yace in saka shi a addu'a.

A watan Fabrairun 2023 ne, sanyi ake kamar me. Ta Jodan muka bi, daga Amman mota ta gangara damu zuwa gadar Sarki Husaini wadda Isra'ilawa ke kira Allenby, kogin Urdun ɗin da muke ji a littattafai ashe ɗan siriri ne, in ba a nuna maka ba baza ka san ka tsallake shi ba. Mu baƙi mun sha tambayoyi, sunan baba sunan kaka me ya kawo ka wa ka sani, amma daga baya aka bamu 'yar takarda maimakon hatimi a fasfo muka wuce. Falasɗinawan Yamma da Kogin Jodan kuwa wannan gadar ce kaɗai ƙofarsu zuwa duniya, basu da filin jirgi nasu, na ga tsofaffi da jarkokin zamzam sun dawo daga umara suna zaune akan kayansu suna jira, fuskarsu ba ma alamar mamaki, sun saba.

Direbanmu ɗan gabashin Kudus ne, dattijo mai yawan shan shayi da na'ana'a. Shi ya fara koya min karanta hanya. Yace duba lambar mota, ruwan ɗorawa ta Isra'ila ce tana shiga ko'ina, fara mai koren rubutu ta Falasɗinawa ce ba ta shiga Kudus. Duba rufin gidaje, inda kaga baƙaƙen tankunan ruwa jere a sama to garin Larabawa ne saboda ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, inda kaga jan rufi da bishiyoyi a tsare akan tudu to matsugunin Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna ne, ya nuna min Ma'ale Adumim, gari guda cif. Shi kansa katin da yake riƙe dashi shuɗi ne, na izinin zama, ba ɗan ƙasa bane a birnin da aka haifi kakansa, kuma in ya daɗe a waje ana iya ƙwace katin. Da na tambaye shi Hukumar Falasɗinawa fa, sai ya yi tsaki yace tun 2005 aka zaɓi shugabanta Mahmud Abbas har yau yana nan, tun 2006 ba a sake zaɓen majalisa ba, Hamas ta riƙe Gaza tun 2007 ita ma bata tambayi kowa ba, mu dai muna tsakiya.

Garin a ɗar-ɗar yake lokacin. 'Yan makonni kafin zuwanmu sojojin Isra'ila sun shiga sansanin 'yan gudun hijira na Jenin sun kashe aƙalla mutum 9 har da wata tsohuwa, washegari kuma wani matashi Bafalasɗine ya buɗe wuta a ƙofar wani wurin ibadar Yahudawa a Neve Yaakov ya kashe mutum 7 a daren Asabar ɗinsu.

Sallar asuba a Masallacin Aƙsa bana jin zan iya kwatanta ta yadda ya kamata. Ka bi lungu cikin duhu duwatsun ƙasa na sheƙi saboda yayyafi, ka wuce 'yan sanda da bindigogi a ƙofa, a tsayar dakai ace karanta Fatiha don a tabbatar kai Musulmi ne, sannan ka shiga kawai sai fili ya buɗe ga itatuwan zaitun ga ƙubbar nan ta zinare a gabanka. Wallahi sai da nayi hawaye. Kuma a ƙasan bangon yamma na wannan filin dai, 'yan taku kaɗan, Yahudawa ne tsaye suna karkaɗa jiki suna tura 'yan takardun addu'a a tsagar dutse, wani tsoho na gani ya kifa goshinsa a bangon yana kuka irin kukan da na yi da asuba.

Inda na fi daɗewa shine unguwar 'yan Afirka, daf da ƙofar Majlis ta masallacin. Tsofaffin gine-gine ne guda biyu suna kallon juna, tun zamanin Mamluk aka gina su don masaukin maziyarta, Turkawa kuma suka taɓa mayar dasu kurkuku. Mazaunansu baƙaƙen fata ne kamar mu, kakanninsu daga Chadi da Najeriya da Sanigal da Sudan suka zo, wasu bayan sun gama aikin hajji suka ƙaraso Kudus suka zauna suka yi aure. Wani dattijo da yaji nace daga Kano nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yace ɗana shigo, ya gaishe ni da 'yar Hausar da ta rage masa daga bakin mahaifinsa, sauran hirar da Larabci muka lallaɓa. Ɗakinsa ƙarami sosai, sun yi ta ɗora gini akan gini saboda ba wurin faɗaɗawa. Yace Baba ya rasu yana maganar gida amma mu nan ne gidanmu, kusan kowane gida a layin nan akwai wanda ya taɓa zaman kurkukun Isra'ila, sannan yayi murmushi yace kuma har yanzu a cikin Larabawan akwai wanda in ka nemi 'yarsa zai duba launin fatarka.

A nan naji labarin Fatima Barnawi wadda ta rasu a 2022, mahaifinta ɗan Najeriya ne mahaifiyarta Bafalasɗiniya, ana ɗaukarta a matsayin mace ta farko da Isra'ila ta ɗaure bayan yaƙin 1967, ta yi kusan shekara goma a tsare. Suna alfahari da ita ƙwarai. Abin da aka kama ta dashi shine ajiye bam a wani gidan sinima a yammacin Kudus, Allah ya sa aka gano shi kafin ya tashi. Na sha shayina nayi shiru. Na fahimci ɓacin ran yarinyar da ta ga an cinye garinta da yaƙi, amma zuciyata ta kasa yarda da bam a inda mutane suka je kallo da iyalansu, mu da muka ga abin da bam yayi a tashar mota da masallacin Juma'a a Kano ba sai an yi mana bayani ba.

Wata rana na hau jirgin ƙasa na cikin gari daga ƙofar Damaskus zuwa yamma, a tarago ɗaya ga mata masu hijabi ga Yahudawa masu baƙar hula da dogon gashi a gefen kunne ga yarinya soja da bata fi shekarun ƙanwata ba tana rataye da bindiga tana latsa waya. Na sauka a kasuwar Mahane Yehuda. Wani tsoho mai sayar da kayan yaji ya yi min magana da Larabci tsantsa, nace kai Balarabe ne, yace Bayahude ne iyayensa daga Bagadaza suka zo, yace kakanninsa sun fi shekara dubu biyu a Iraƙi, a 1941 aka far musu a Bagadaza aka kashe su a tituna, shekara goma bayan nan kusan duk al'ummar ta fice da akwati ɗai-ɗai. Yace ana cewa mu koma inda muka fito, to ni ina zan koma. Ya nuna min inda bam ya taɓa tashi a cikin kasuwar. Amma da na ambaci shingayen bincike sai fuskarsa ta canza yace su suka jawo wa kansu, ya juya ga wani mai ciniki.

A lokacin ƙarshen layin jirgin ne ke kai ka Yad Vashem, inda ake tunawa da Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka. Akwai wani ɗaki mai duhu na yara, kyandir ne da madubai, murya na ta karanto sunan yaro da shekarunsa da ƙasarsu ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda yake rubuta a Facebook wai da ma Hitila ya gama dasu, ina roƙonsa da Allah ya daina, ba addininmu bane wannan. Da na fito kuma direban ya nuna min wani tudu can tsallaken kwari yace Deir Yasin kenan, ƙauyen da mayaƙan Yahudawa suka kashe mutane sama da 100 a Afrilun 1948, labarinsa na cikin abin da ya firgita mutane suka bar gidajensu, Falasɗinawa sama da 700,000 suka zama 'yan gudun hijira a wannan yaƙin kuma ba a bar su sun dawo ba. Mutanen da Turawa suka gasa wa azaba sun samu mafaka, wanda bai ji ba bai gani ba shi aka kora daga gonarsa.

A Baitalahmi na haɗu da 'yan uwanmu Kiristoci daga Filato da kudancin Kaduna sun zo ziyara, muka gaisa da Hausa a ƙofar cocin haihuwar Annabi Isa muna ta dariya. Wata mama tace min ɗana ni ban san akwai Larabawa Kiristoci ba sai yau, mai shagon da ta sayi gicciyen itacen zaitun a wurinsa Kirista ne, kuma shima sai da takardar izini yake zuwa Kudus da bata fi kilomita 10 ba, katangar kankare mai tsawon mita 8 ta tsaya a tsakani. A gida mun mayar da abin kamar wasan ƙungiya, Musulmi nan Kirista can, alhali ga Kiristan da ke bayan katangar yana bin layi ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi tun kafin gari ya waye. Kusa da nan sansanin 'yan gudun hijira na Aida yake, an ɗora wani ƙaton makulli a saman ƙofarsa, alamar gidajen da suka bari.

Khalil kuwa, wato Hebron, ita ce ta fi tsaya min a rai. Tsohuwar kasuwarta kamar Kurmi, lungu-lungu da rumfuna, sai dai in ka ɗaga kai raga ce ta ƙarfe a sama cike da shara da duwatsu da kwalabe, 'yan kama-wuri-zauna ne a benen sama suke jefowa. Gari mai Falasɗinawa kusan 200,000 amma an killace tsakiyarsa saboda 'yan ɗaruruwan mutane da sojoji ke gadi. Titin Shuhada da a da shine zuciyar kasuwa duk shagunan an like ƙofofinsu da walda, ni baƙo da fasfona na taka shi, matashin da ke mana jagora wanda aka haifa a nan yace ku je zan zagaya in same ku a can, an hana shi bi. Ban taɓa jin nauyin fasfo a aljihuna irin na ranar ba, wannan zalunci ne kuma babu wani bayani da zai wanke shi.

Masallacin Annabi Ibrahim sai ka bi ta ƙofar ƙarfe mai juyawa da na'urar bincike. A Ramadan na 1994 wani likita Bayahude haifaffen Amurka, Baruch Goldstein, ya shigo ana sallar asuba ya kashe mutum 29, bayan nan aka raba ginin biyu, kuma Falasɗinawan da aka kashe wa 'yan uwa su aka saka wa dokar hana fita. Makwancin Annabi Ishaƙa yana ɓangarenmu, na Annabi Yaƙuba yana nasu, na Annabi Ibrahim a tsakiya kowa na leƙo shi ta tagarsa. Na leƙa ta tagar mu sai naga wata mata ta can ɓangaren itama tana leƙe tana motsa baki, gilashin da harsashi baya hudawa a tsakaninmu. Jagoran namu bai ɓoye min ɗaya ɓangaren tarihin ba, yace a 1929 ma a garin nan an kashe Yahudawa 67 waɗanda da yawansu sun daɗe suna zaune lafiya da mutane, kuma wasu Larabawan ne suka ɓoye ɗaruruwa a gidajensu suka tsirar dasu. Yace bayan Goldstein kuma Hamas ta fara tayar da bam a motocin haya, a garuruwan Afula da Hadera na Isra'ila, shekara ta zagayo wani Bayahude ya harbe Firaministan Isra'ila Rabin saboda ya sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Oslo. Nace to kai me kake so, yace Malam ni so nake in bi titin can in je gidan kakata ba tare da na zagaya ba.

Watanni bayan na dawo aka yi harin Hamas na 7 ga Oktoba, aka kashe kusan mutum 1,200 a Isra'ila mafi yawansu farar hula aka kwashe kusan 250, sannan aka yi wa Gaza luguden da ya ci dubun-dubatar rayuka, yara a ƙarƙashin gini, asibitoci ba wuta, mutane na bin motar fulawa. Na kasa barci akan yaran Gaza kuma na kasa yin murna akan waɗanda aka bi gida-gida aka kashe, wasu abokaina sun ji haushina akan na biyun. Na tura wa direban saƙo ta WhatsApp ina tambayar lafiyarsu, sai bayan kwanaki ya amsa da murya, yace suna nan da rai amma baƙi sun daina zuwa motar na ajiye, ɗansa ma ya daina fita da daddare, yace in gaida yayana.